Darasi Kan Zaɓe: Su Wa Muke Aikawa Gusau Da Abuja?

Domin ƙungiyoyin manoma, zumuntar mata, matasa da ajin yaƙi da jahilci

KARATU: Fitowa 18:13-26, Maimaitawar Shari'a 1:9-18, Irmiya 29:4-7

MANUFA: Mu san aikin Gwamna, da ɗan Majalisar Jiha, da ɗan Majalisar Wakilai, da Sanata, domin mu zaɓe su da idonmu a buɗe, mu kuma bi sawunsu bayan zaɓe.

GA MAI BI DA DARASI: A fara da addu'a. A karanta darasin a hankali saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Idan lokaci bai isa ba, a raba shi zama biyu. Kada a bari taron ya koma gardamar jam'iyya.

GABATARWA

'Yan'uwa, idan zaɓe ya kusato, hirar da ake yi a kasuwar Tsafe, da tashar mota a Gusau, da gindin bishiya a ƙauyukan Bungudu, ba ta cika wuce mutum biyu ba: wa zai zama Shugaban Ƙasa, wa zai zama Gwamna. Amma takardun ƙuri'a biyar ake ba mu. Sauran ukun, da yawa daga cikinmu sai mu dangwala yatsa inda aka ce mu dangwala, mu koma gida ba mu san wanda muka zaɓa ba.

Bari mu gwada yanzu. Mai bi da darasi ya tambayi jama'a: Wane ne ɗan Majalisar Jiha na mazaɓarmu? Wane ne ɗan Majalisar Wakilai? Wane ne Sanata? A ƙirga mutum nawa suka san duka ukun. Manomi ba ya ɗaukar ɗan ƙodago ya tura shi gona bai san sunansa ba. To, waɗannan mutane mu muka ɗauke su aiki na shekara huɗu, da dukiyar jama'a kuma ake biyansu.

1. SHAWARAR YETRO

A Fitowa 18 mun ga Musa yana zaman shari'a tun safe har yamma, jama'a na tsaye suna jira. Surukinsa Yetro ya nuna masa cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya sa shugabanni a kan mutum dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. Ya kuma faɗi irin mutanen da za a nema: waɗanda suka iya aikin, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba su karɓar toshiya. A Maimaitawar Shari'a 1, sa'ad da Musa yake tuna wa jama'a wannan labari, ya nuna cewa su ne aka ce su fito da mutanen daga cikin kabilansu.

Abu biyu muka koya. Na fari, mutum ɗaya, ko da Musa ne, ba ya iya ɗaukar nauyin al'umma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, talakan da ke da ƙara a kan iyaka ko a kan akuya, shugaban goma ko na hamsin yake fara gani. Idan wannan na kusa mugu ne, kirkin Musa ba zai kai gare shi da wuri ba.

2. ƘURI'U BIYAR

A zaɓen 2023, ran 25 ga Fabrairu aka zaɓi Shugaban Ƙasa, da Sanata, da ɗan Majalisar Wakilai. Ran 18 ga Maris aka zaɓi Gwamna da ɗan Majalisar Jiha. Ga yadda abin ya shafe mu:

(a) Majalisar Dokokin Jihar Zamfara tana zama a Gusau. Kujerunta 24 ne. Gusau tana da biyu, Tsafe biyu, Bungudu biyu. Wato ƙananan hukumomin nan uku suna riƙe da kashi ɗaya cikin huɗu na majalisar.

(b) Majalisar Wakilai tana zama a Abuja, da kujeru 360. Zamfara tana da 7. Gusau da Tsafe wakili ɗaya suke aikawa. Bungudu kuwa tare da Maru suke aika nasu.

(c) Majalisar Dattawa ita ma a Abuja take, da kujeru 109. Kowace jiha tana da uku, Abuja ɗaya. Gusau, Tsafe, Bungudu da Maru su ne Zamfara ta Tsakiya, Sanata ɗaya gare su.

Majalisar Wakilai da ta Dattawa, idan aka haɗa su, su ne Majalisar Tarayya.

A lura da wannan: a takardar ƙuri'a ba a rubuta sunan ɗan takara, alamar jam'iyya kawai ake sawa. Saboda haka wanda bai nemi sunan mutumin tun kafin ranar zaɓe ba, zai zaɓi hoto ne kurum.

3. ABIN DA KE HANNUN GUSAU

Kuɗi. Kowace shekara Gwamna yana kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Jiha. Bisa ga Tsarin Mulki na 1999, ba shi da ikon taɓa asusun jiha sai majalisa ta amince. A cikin wannan kasafi ake yanke ko nawa za a kashe wa makarantun sakandare, da asibitocin jiha, da hanyoyin karkara, da rijiyoyin burtsatse, da takin zamani, da malaman gona. Dattawanmu suna tune da aikin gona na Gusau na tsakiyar shekarun 1970, wanda aka yi da taimakon Bankin Duniya tare da na Funtuwa da na Gombe, lokacin da malamin gona yake zuwa har bakin gona. Irin wannan aiki, a hannun jiha yake. Idan ba a sa masa kuɗi a kasafi ba, malamin gona zai zauna a ofis ba shi da man babur.

Ƙasa. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana domin jama'a, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon gona a karkara. Maganar daji, da makiyaya, da burtali, da filin da za a karɓa a yi hanya, da diyyar da za a biya, duk suna komawa ga gwamnatin jiha. Wanda ya san yadda rikicin gona da kiwo ya jawo mana asara ba zai raina wannan ba.

Doka. Dokar Shari'a da aka ƙaddamar a Gusau a watan Oktoba 1999, wadda ta fara aiki a Janairu 2000, daga Majalisar Jiha ta fito, ba daga Abuja ba. Jihohi da dama na Arewa kuma suka bi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kanta, ta ishe mu shaida cewa mutum 24 suna iya yin dokar da za ta shafi kasuwa da kotu da zaman kowa. Haka kuma a 2021, gwamnatin jiha ce ta rufe kasuwannin mako-mako saboda 'yan bindiga, ita ce kuma ta nemi a katse layin waya. Kowane mai sayar da hatsi ko dabba ya ji a jikinsa. A Janairu 2024, jiha ce ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara.

Tsaron amana. Majalisa ce ke tantance kwamishinoni. Tana da ikon kiran kowane ma'aikaci ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Tana da ikon tsige Gwamna ko Mataimakinsa, kamar yadda ta tsige Mataimakin Gwamna Mahdi Aliyu Gusau a Fabrairu 2022. Wuƙa ce mai kaifi. A hannun masu gaskiya tana tsare dukiyar jama'a. A hannun 'yan amshin shata kuwa, abin da mai mulki ya ce shi ke nan.

4. ABIN DA KE HANNUN ABUJA

Babban abin da ya dame mu shi ne tsaro. Tsarin Mulki na 1999 ya sa soja da 'yan sanda a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, kuɗinsu kuma Majalisar Tarayya ce ke amincewa da shi. Idan an tare hanyar Magami ko an kai hari a ƙauyukan Tsafe, wakilinmu da Sanatanmu su ne ke da bakin tashi a zauren majalisa su faɗa, su kira shugabannin tsaro su amsa tambaya. Idan mun aika wanda ba ya buɗe baki, kukanmu a daji zai tsaya.

Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau da Bungudu zuwa Sakkwato, ta Tarayya ce. Haka Asibitin Tarayya na Gusau, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Ma'adinai ma, har da zinariya, a hannun Tarayya suke. Mun tuna da gubar dalma ta 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400. Kuɗin share garin Bagega daga Abuja aka jira su, ba su fito ba sai a 2013, bayan an yi ta matsa lamba. Duk wannan lokaci yara suna wasa a cikin ƙasa mai guba.

Akwai kuma ayyukan da sai Abuja da Gusau sun haɗa hannu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kuɗin Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta ware kuɗi domin ƙananan asibitoci. Majalisar Tarayya ce ta yi dokokin nan biyu, amma jiha ce ke kai aikin ƙauye. Saboda haka idan rufin makarantarku ya yaye shekara uku ba a gyara ba, akwai wanda za ku tambaya a Gusau, akwai wanda za ku tambaya a Abuja.

Ko gyaran Tsarin Mulki sai da su duka. Bayan Majalisar Tarayya ta amince, sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun yarda. Ta haka aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Jiha da ta Wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018.

5. KO ƘURI'A TANA AIKI?

Wani zai ce, "Ai sun riga sun rubuta wanda ya ci." Ba mu musun cewa ana maguɗi. Amma bari mu dubi abin da ya faru a jiharmu tun da aka cire ta daga Sakkwato a 1996.

A 2011 Gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi yana kan kujera, ya nemi komawa, Abdul'aziz Yari ya kayar da shi. A 2023 Gwamna Bello Matawalle yana kan kujera, Dauda Lawal ya kayar da shi da ƙuri'a 377,726, shi kuma yana da 311,976. An je kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a Janairu 2024. Sau biyu ke nan talakawa suka sauke mai mulki da yatsa. A wannan shekara ta 2023 kuma, APC ce ta ci zaɓen Shugaban Ƙasa a Zamfara a Fabrairu, amma PDP ta ci na Gwamna a Maris. Ashe mutanenmu sun iya rarrabewa idan sun so.

A wannan shekara dai, ba a kammala zaɓen Sanatan Zamfara ta Tsakiya a ranar farko ba. Sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna a watan Afrilu kafin aka ce Ikra Aliyu Bilbis ya ci Kabiru Garba Marafa, dukansu biyu mutanen ƙasar Tsafe. Ana yin haka idan ratar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe na rumfunan da aka soke ba. A irin wannan rana, ƙaramar rumfa ta ƙauye ita ake jira.

Ga kuma darasin 2019. APC ta ci Gwamna da ƙuri'a fiye da 500,000, wanda ya zo na biyu bai kai 200,000 ba. Amma ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Ƙuri'unta na Gwamna da na majalisu duka suka zube, aka ba waɗanda suka zo na biyu. Wannan ya koya mana cewa zaɓe yana farawa tun daga fid da gwani. Ɗan'uwan da ke cikin jam'iyya, ko wace ce, ya tsaya a yi shi bisa doka.

Abu ɗaya ya rage. Mutum fiye da miliyan 1.9 suka yi rajista a Zamfara domin zaɓen 2023, amma manyan 'yan takarar Gwamna biyu ba su haɗa ƙuri'a 700,000 ba. Waɗanda ba su fito ba sun fi waɗanda suka fito yawa. Ratar kuwa 65,750 ce.

6. UZURAI HUƊU

"Mu kaɗan ne." Gaskiya ne masu bi ba su da yawa a jihar nan. Amma Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta a Babila, su ma kaɗan ne, ya ce su gina gidaje, su yi noma, su nemi lafiyar garin da suke ciki, gama lafiyarsu a ɗaure take da tasa. Mu kuwa ba baƙi ba ne, ƙasarmu ce. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, hanya ɗaya muke bi, ɗan bindiga kuma ba ya tambayar addini kafin ya kore shanu. Mu zauna da su mu tsara bukatun ƙauye tare.

"Siyasa ƙazanta ce." Idan masu tsoron Allah suka janye, wa suka bar wa? Amma majami'a ba dandalin kamfe ba ce. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yin kamfe a wurin ibada. Fasto ya koyar da halin da za a nema, kada ya ɗaga tutar jam'iyya a bagade.

"An ba ni wani abu." A ce an ba ki naira 2,000 da taliya da sabulu. Shekara huɗu kwana 1,461 ne. Wato kin sayar da bakinki a kan abin da bai kai naira ɗaya da rabi ba kowace rana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya saye ki kuwa ba zai saurare ki ba, gama ya riga ya biya. Mu tuna da Isuwa da ƙwaryar fatensa. Iyayenmu mata, ku tuna cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 da na 1964 ba. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan hakki kafin mata su shiga babban zaɓen 1979.

"Hanya ba lafiya." Wannan uzuri mai nauyi ne, ba kuwa wanda zai ce ka jefa ranka cikin hatsari. A bi shawarar dattawan gari, a tafi tare, a dawo da rana. Wanda ya bar ƙauyensu ya koma Gusau ko Tsafe ko Bungudu, ya je ofishin Hukumar Zaɓe, wato INEC, tun da wuri ya nemi a mayar da rajistarsa inda yake zaune.

7. ABIN YI

Kafin zaɓe:
(a) Duk wanda ya cika shekara 18 ya yi rajista, ya karɓi katinsa, ya ajiye a hannunsa. Kada a ba kowa kati ko lambarsa.
(b) A rubuta sunayen 'yan takarar kowace kujera da alamar jam'iyyarsu, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.
(c) Ƙungiya ta zaɓi bukatu uku mafi girma na ƙauye, ta san wanne ne na ƙaramar hukuma, wanne na jiha, wanne na Tarayya.
(d) Idan ɗan takara ya zo, a tambaye shi a gaban jama'a: Me ka yi a baya? Ina za mu same ka bayan zaɓe? Sau nawa a shekara za ka zo ka yi mana bayani?
(e) A auna kowa da mudun Yetro. Idan mutum ya cancanta a kujera ɗaya, wani na wata jam'iyya ya cancanta a wata, ba dole ba ne a yi sak.

Ranar zaɓe: A fita da sassafe. A ba tsofaffi, da masu juna biyu, da masu goyo, da naƙasassu wuri su fara. A dangwala yatsa a gida ɗaya kawai don kada ƙuri'a ta lalace. A rumfa ake ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, saboda haka wanda ya iya ya tsaya ya rubuta abin da aka faɗa. Ban da zagi, ban da faɗa. Iyaye su tsare 'ya'yansu kada a mai da su 'yan bangar siyasa.

Bayan zaɓe: Wanda ya ci, wakilin kowa ne, har da wanda bai zaɓe shi ba. Magatakardan ƙungiya ya ajiye littafin alkawaran da aka yi. Bayan kaka kowace shekara a aika wakilai, maza da mata, da takarda a rubuce, a ajiye kwafinta. Tsarin Mulki ya ba da hanyar yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, abu ne mai wuya. Gara a tantance iri tun kafin shuka.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne halaye huɗu Yetro ya ce a nema? Ta yaya za mu gane su a wurin ɗan takara?
2. Ku faɗi damuwa uku na ƙauyenku. Kowace a hannun wa take?
3. Me muka koya daga zaɓen 2019 da na 2023 a jiharmu?
4. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar ba ta da abincin dare, aka kawo mata kuɗi ranar zaɓe. Me ikkilisiya ya kamata ta yi mata tun kafin wannan rana?
5. Mutum nawa ne a cikinmu ba su da katin zaɓe? Wa zai raka su, kuma yaushe?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, kai ne mai mulki bisa dukan masu mulki. Muna kawo maka Gwamnanmu, da 'yan majalisarmu na Gusau da na Abuja, da sarakunanmu. Ka ba su tsoronka. Ka ba mu hikimar zaɓen masu gaskiya, da ƙarfin halin ƙin toshiya ko da muna cikin rashi. Ka komo da waɗanda aka sace da waɗanda suka bar gidajensu, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, mu yi noma mu girbe cikin salama. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.